Fulin famfon ruwan tarakta ya cinye: a gyara ko a sayo wani?

Kukan fambel, wato bel ɗin da ke juya fanka da famfon ruwan inji, shi ke fara tona asiri. Ka tayar da tarakta da sassafe ka ji yana tsuwwa, ka ɗaure shi, ya yi shiru kwana biyu ya dawo. Ka sa sabo, kafin a gama haron 'yan gonaki ya yi santsi ya saki. Allurar zafi tana hawa, batir ba ya cika. Direbobi da yawa fambel suke ɗora wa laifi, alhali fuli, wato faifan ƙarfe mai kwari da yake bi a kan sandar famfon, shi ne ya gama aiki.

Fambel ba da gindinsa yake riƙo ba, da kumatunsa biyu yake kama bangon kwarin fuli. Ƙurar gona kuwa, musamman a haron farko kafin ƙasa ta sha ruwa sosai, tana shiga tsakaninsu ta yi ta goge ƙarfen har kwarin ya buɗe, fambel ya nutse ya zauna a ƙasa. Daga nan duk ɗaurin da za ka yi a banza ne. Cire fambel ɗin ka haska tocila a ciki. In ka ga gindin kwarin yana sheƙi kamar bayan cokali, ko ka ja farce a bangon ka ji ya yi rami, magana ta ƙare. Sabon fambel a lafiyayyen fuli daidai da baki yake zama, ko ya ɗan leƙo kaɗan.

Amma kada ka kama hanyar kasuwa tukuna. Inji a kashe, fambel a cire, kama fanka ka girgiza ta sama da ƙasa, idonka a kan sandar famfon. In fulin ne kaɗai ke rawa, sandar tana tsaye, ramin tsakiyarsa ne ya buɗe. In sandar ma tana motsi tare da shi, ko ka juya ka ji gurnani, boris ɗin famfon, wanda sandar ke juyawa a cikinsa, ya tafi. Sai ka leƙa 'yar ƙofar da ke ƙarƙashin famfon: ɗigon ruwa ko zanen tsatsa a wurin yana nufin sil, wato abin da ke tare ruwa kada ya biyo sandar, ya mutu. Wannan girgizar ta minti ɗaya ita za ta gaya maka abin da za ka saya, domin sabon fuli a kan famfon da boris ɗinsa ya ci, asarar kuɗi ce sau biyu.

Gyaran da na yarda da shi ɗaya ne. In kwarin lafiyarsa ƙalau, ramin tsakiya ne kawai ya buɗe, kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe, wanda bakanikai ke ce wa tona. Zai faɗaɗa ramin, ya dasa zoben ƙarfe a ciki, ya sake huda shi daidai kaurin sandar. Irin masu wannan aiki ba sa wuyar samu a Panteka ta Kaduna ko wajen Ƙofar Ruwa a Kano. Sharaɗin dai shi ne ka kai masa famfon gaba ɗaya ya auna sandar da kansa, kuma ya saita fulin a injinsa da kwarin, ba da gefen waje ba, don kada ya fito yana lilo. In gibin ɗan kaɗan ne, akwai gam na musamman irin Loctite 660 da aka yi domin cike irin wannan sako-sakon. Abin da ba gyara ba ne shi ne cusa gwangwanin madara a ramin, ko tsattsaga sandar da kurfi don ta cije. Zai kai ka gida daga gona, iyakarsa ke nan.

Walda kuwa, a nan na sha wuya. Wata damina fulin Massey Ferguson ɗinmu ya tsage kusa da cibiya, ga masu gona sun biya kuɗin haro suna jira. Na kai wa wani mai walda, ya jujjuya shi ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙaramin aiki ne, je ka sha shayi ka dawo." Ya yi kyau a ido. Kwana na huɗu muna tsakiyar fadama muka ji ƙara kamar an jefa dutse a tukunya. Tsagar ta sake buɗewa a gefen waldar, fanka ta karkace ta yanki lagireto. Kuɗin gyaran lagireton ya fi na sabon fuli nesa ba kusa ba, ban da kwanakin da muka zauna. Yawancin fulin tsofaffin taraktoci zubin baƙin ƙarfe ne, wanda ba ya son zafin gaggawa. Sai an gasa shi tukuna, a yi amfani da sandar walda mai nikel, a bar shi ya huce a hankali cikin yashi ko toka. Ko an yi duk wannan, nauyin ɓangare ɗaya zai rinjayi ɗaya, ga shi fanka a jikinsa take. Cike kwarin da walda a sake sassaƙe shi ma gyaran gangar Auzinawa ne: kuɗin aikin ya kusa na sabo, fuskar ba ta yin sumul, sai ta riƙa cin fambel.

Na hannu, wanda ake cirowa daga mataccen inji, sau da yawa ƙarfensa ya fi na sababbin da ke kasuwa, in dai na asali ne. Matsalarsa ita ce shi ma ya yi nasa shekarun a gona. Je da sabon fambel a aljihu ka gwada a kwarin a gaban mai shago. Ka rataye fulin a yatsa ka ƙwanƙwasa da sifana: lafiyayye zai yi amo, mai tsaga zai yi bif. Wanda aka shafe da sabon fenti, a kankare a gani.

Sabo shi ne kwanciyar hankali, amma sababbin ma kala-kala ne, kuma sunan da ke jikin bonet bai isa ba. MF 240 injin Perkins mai silinda uku yake da shi, AD3.152, MF 290 kuma mai silinda huɗu, A4.248. Ko MF 375 ɗin ma akwai ƙirar Ingila, akwai wanda kamfanin Millat ke haɗawa a Pakistan, ba lallai kayansu su zo ɗaya ba. Ka kwafi lambar da ke jikin injin, ka kuma ɗauki tsohon fulin a hannu. A ɗora su baki da baki a duba faɗi, da girman ramin tsakiya, da yawan kwari, da ramukan notin fanka. In sabon ya fi girma, famfo da fanka za su riƙa juyawa a hankali, zafin da kake gudu ya dawo. Abin da aka fi mantawa shi ne nisan kwarin daga cibiya. Kife su biyun a kan tebur ka duba ko kwarin nasu yana layi ɗaya. In ya goce, fambel zai riƙa tafiya a karkace tsakanin fulin karanshaf da na altaneta.

A ganina, taraktar da ke aikin haya, kuma famfonta ya daɗe ba a taɓa ba, a sayo famfo da fulinsa a haɗe a huta. Ya fi tsada a ranar, amma ka tsira daga aikin matsawa, wanda a nan ne ake kashe sababbin famfuna da yawa. Wasu fulin da ki (ɗan ƙarfen da ke kulle su da sandar) da noti suke zama, wasu matsa su ake yi. Ko wanne ne, fula, wato ƙarfen janyo fuli daga sanda, ake sawa a ciro shi, kuma wajen mayarwa a tallafe ƙarshen sandar ta baya a matsa a hankali. Guduma tana ɓata boris, tana fasa sil, ka ɗaura ka ga ruwa yana ɗiga tun ranar farko.

In an ɗaura, sa miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin ka tabbatar sun yi sahu, sannan a sa sabon fambel, don tsohon ya riga ya ɗauki siffar cinyayyen kwari. Ɗaurinsa, ka danna da babban yatsa a tsakiyar wuri mafi tsawo ya lotsa kamar milimita 10. Ɗaure shi tamau kamar tsirkiyar baka shi ke kashe boris tun farko. Bayan aikin yini ɗaya sabon fambel zai ɗan saki, sai a sake dannawa a ƙara masa kaɗan.