Gargaɗi kan masu sayar da jabun tsofaffin mujallun labaran kimiyya na Sifaniyanci

Ana jan hankalin masu tara tsofaffin mujallu da ɗaliban adabi game da wasu 'yan damfara da ke tallata mujallun ƙagaggun labaran kimiyya da almara na harshen Sifaniyanci a kasuwannin intanet, alhali kayan da suke ikirarin mallaka ko dai babu su, ko kuma jabu ne. Abin da ya ba su ƙofa shi ne ƙarancin mujallun, domin yawancinsu an buga su a kan takarda mai araha wadda ba ta jure shekaru.

Babban tarkonsu shi ne fitowa ta 14 ta Nueva Dimensión, mujallar da Domingo Santos da Luis Vigil da Sebastián Martínez suka kafa a Barcelona a 1968, wadda ta fito sau 148 kafin ta daina. A 1970, zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco a Sifaniya, hukuma ta ƙwace wannan fitowa saboda wani gajeren labari na marubuciyar Ajantina Magdalena Mouján Otaño da ya shafi al'ummar Bask ta arewacin Sifaniya, aka tilasta wa mawallafan sake fitar da ita ba tare da labarin ba. Ke nan bugu biyu ne ke ɗauke da lamba ɗaya, kuma na farkon shi ne mai wuyar samu. Mayaudari yakan samo bugu na biyu, ya cusa shafukan da ya kwafa da na'ura, ya ɗora masa farashin na asali. Wani ma ba ya wahalar da kansa da wannan, hoton bangon kawai yake satowa daga tallan wani.

Akwai kuma masu cewa suna da cikakken jerin mujallar Más Allá, wadda kamfanin Abril ya wallafa a Buenos Aires daga 1953 zuwa 1957. Fitowarta 48 ce kacal, don haka wanda ya yi maka tayin lambar da ta wuce haka ya riga ya tona asirin kansa.

Salonsu bai cika sauyawa ba. Mai sayarwa zai ce gadon kayan ya yi, kuma wani mai saye na jiransa, sannan ya nemi a bar dandalin cinikin a tura masa kuɗi kai tsaye ta hanyar da ba a iya dawo da su. A ganina wannan gaggawar kaɗai ta isa hujjar fasa ciniki. Kafin ka biya ko sisi, ka nemi sabon hoton shafin abubuwan da ke ciki da na shafukan labarin, tare da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a gefensu, ka kuma duba ko launin takardar da ɗaurin shafukan sun yi daidai da sauran mujallar.