Cinikin biri a sama: abin da na gani wajen sayen tsohon kaske mai daraja ta gwanjon intanet

Sana'ata a nan Damagaram ita ce juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta: wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, busar algaita da kakaki ta hawan salla, da muryoyin iyaye waɗanda ƴaƴansu ke kawo mini don kada su ɓace. Aiki ne na kunne tun daga farko har ƙarshe, saboda haka babu kayan aikin da nake ji da shi kamar kaske, wato abin sauraren nan da ake ɗorawa a kai ya rufe kunnuwa biyu, wanda ƴan'uwanmu na Kano ke ce wa hedfon. Neman wanda ya fi nawa ne ya kai ni gwanjon intanet, kuma wannan rubutu bayani ne a kan hidimar da na samu daga wani kamfanin dillanci da ke saya wa baƙi kaya a gwanjon Japan, da haɗarin da ke tattare da irin wannan ciniki ga mutumin da yake zaune a inda nake zaune.

Wanda bai san harkar ba zai yi mamakin kuɗin da ake zubawa a kanta. A 1991 kamfanin Sennheiser na Jamus ya ƙera kaske mai suna Orpheus guda 300 kacal, kuma magajinsa da ya fito a 2015 an sa masa farashin Yuro 50,000, wato kusan sefa miliyan 33. A 1989 kamfanin Sony ya fitar da MDR-R10, wanda aka sassaƙa kokon kunnensa da itacen wata bishiyar Japan mai suna zelkova, aka yi guda 2,000 aka tsaya. A shekarar ce kuma AKG na Ostiriya ya fitar da K1000, wanda ba ya ma taɓa kunne, yana rataye ne a gefensa kamar ƙananan sifiku biyu. Duk an daina ƙera waɗannan tsofaffin uku, babu kantin da za ka shiga ka ce a ba ka, kuma wanda ya mallaka ba ya saki sai ya matsu ko magada sun fitar. Shi ya sa gwanjo ya zama kasuwarsu. Ni ƙarfina bai kai nan ba, abin da na nema shi ne tsohon Stax samfurin Lambda, wanda kamfanin Stax na Japan ya fara fitarwa a 1979, tare da amfilin da ke tuƙa shi, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti.

Dole in tsaya a kan yadda irin wannan kaske yake aiki, domin a nan ne rabin haɗarin yake. Kaske na yau da kullum yana da maganaɗisu da zaren waya a naɗe, kamar ƙaramar sifika. Shi kuwa na Stax wata ƴar leda ce a ciki wadda ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, an shafe ta da sinadarin da ke riƙe cajin lantarki, an miƙe ta tsakanin faranti biyu masu huji-huji, su ne ke ja da tura ta har sauti ya fito. Rashin nauyinta ne ke sa ka ji numfashin mai busa kafin ya hura algaita. Amma idan shekaru suka ja, shafin da ke jikin ledar yana iya raunana a kunne ɗaya, sai sautin ya karkata gefe guda, kuma ƙwayar ƙura ɗaya idan ta shiga tsakanin ledar da farantin ta isa ta haifar da ƙara kamar ta sauro. Babu hoton da zai nuna maka wannan. Mu kan ce gani ya kori ji, to a wannan ciniki ji ɗin ne kake saye, shi ne kuma abu ɗaya da gwanjon intanet ba zai ba ka ba kafin ka biya.

Game da kamfanin dillancin, zan faɗi alherinsa tukuna. Yawancin masu sayarwa a gwanjon Japan ba sa aika kaya ƙasar waje, saboda haka dillalin ne ke taya maka kaya da sunansa, ya biya, ya karɓa a sitonsa, sannan ya aiko maka. Buɗe asusu bai yi mini wuya ba, katin bankina ya shiga, kuma kowane mataki suna sanar da ni ta imel. Naɗin kayan ma abin yabo ne, domin kwali biyu suka yi, suka cika tsakani da soso, har abin ya sha tafiya daga Japan zuwa Yamai, ya sake shan ta kusan kilomita 900 a motar bas zuwa nan, bai ƙwarzane ba. Idan ɗauko kaya ne kawai aikin dillali, sun yi shi da kyau.

Ranar rufe gwanjon ce ta fara koya mini darasi. Japan tana gabanmu da awa 8, kuma masu sayarwa sun fi son a rufe da daddare a can, wanda ya yi daidai da bayan azahar a nan, lokacin da rana ta take kuma intanet ɗin wayata ke tafiyar hawainiya. Na yanke wa kaina iyaka ta jika 150, wato sefa dubu 150. A shafin da na shiga, duk wanda ya ƙara tayi a mintunan ƙarshe, sai a ƙara minti 5 a kan lokacin rufewa, saɓanin shafin gwanjo na eBay inda lokaci ke cika ba ƙari, wanda ya sa masu wayo ke laɓewa su jefa tayinsu a daƙiƙun ƙarshe. Wani mai tayi guda ɗaya ya dinga bina, in na ƙara ya ƙara kaɗan, har muka shafe fiye da rabin awa, sai da na kai jika 210 sannan ya yi shiru. Ba ni da hujjar da zan ce ɗan koren mai kayan ne, kuma ba zan ɗora wa kowa laifin da ban tabbatar ba. Amma tayin ƙarya don a tayar da farashi tsohuwar cuta ce, ita ce malaman fiƙihu ke kira najash, wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. A Kasuwar Dole kana ganin fuskar wanda ke ƙara maka tayi, kana iya tambaya a gaya maka ɗan gidan wane ne. A intanet suna ne da aka rufe rabinsa da taurari, babu wanda za ka tambaya.

Bayan farashin sai kuɗaɗen da ke biyo baya, waɗanda ba ka jin nauyinsu sai sun taru: la'adar dillali, kuɗin kai kaya daga gidan mai sayarwa zuwa sito, kuɗin jirgi, abin da banki ke cira wajen canjin sefa zuwa yen, sannan duwan, wato kwastan, wadda ke lissafa haƙƙinta a kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin ɗauko shi, ga kuma harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Kafin kwalin ya shigo shagona, abin da na kashe ya haura jika 330.

Kuskuren da ya fi yi mini tsada yana cikin layi biyu na bayanin mai kayan. Fassarar da shafin dillalin ya ba ni ta ce an kunna, sauti yana fita, an sayar a halin da yake, babu ƙorafi babu mayarwa. Na ɗauki wannan a matsayin shaidar lafiya. Daga baya na fahimci cewa a bakin ƴan gwanjon Japan wannan magana ba ta wuce abin da ta faɗa ba: sauti ya fita, amma ba a ce ya fita daidai a kunnuwa biyu ba. Suna ma da kalmar janku, wadda suke liƙa wa duk abin da ba su ɗauki alhakin lafiyarsa ba, ko da a hoto yana sheƙi. Na biya ƙarin kuɗi don tsarin dubawa na dillalin, ina zaton za su saurara. Da na koma na karanta sharuɗɗansu a tsanake, sai na ga dubawar tasu ita ce su tabbatar abin da ya iso shi ne na cikin hoto, ba sa kunna kayan lantarki. Ba su yi mini ƙarya ba, amma sun ajiye wannan sharaɗi a wurin da mai ɗokin saye ba zai kai ido ba, kuma a ganina wannan ne babban aibin hidimarsu.

Kafin in kunna, na kai amfilin wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a Zango, wanda na daɗe ina hulɗa da shi. Ya juya bayansa, ya goge ƴar farantin rubutun da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, ka gode wa Allah da ba ka soka shi a bango ba. Wannan kuran 100 yake ci, namu kuwa 220 ne." Haka ne, wutar gidajen Japan bolt 100 ce, kuma mai kayan bai ga dalilin faɗa ba tunda ƴan ƙasarsu yake sayar wa. Sai da na sayi taransifoma mai rage wuta. Akwai wani tarkon makamancin wannan: tsofaffin Stax suna aiki da cajin bolt 230 kuma filoginsu ƙafa 6 gare shi, waɗanda suka biyo baya suna aiki da 580 da ƙafa 5, saboda haka wanda ya sayi kaske a gwanjo ɗaya, amfili a wani, yana iya tarar da mai ƙafa 6 ya ƙi shiga ramin mai 5.

Da muka kunna, na sa wani kaset na gurmi da na san shi kamar tafin hannuna. A kunnen dama na ji abin da ban taɓa ji a cikinsa ba, har ƙarar yatsa a kan tsirkiya kafin ta yi amo. Kunnen hagu kuwa yana can baya, kamar mai kiɗan ya koma ɗaki na biyu. Na ce, "Baba, ko za ka buɗe mini shi?" Ya leƙa ta ragar da fitila, ya nuna mini soson ciki da ya ruɓe ya zama gari yana zuba, sannan ya miƙo mini abina da hannu biyu ya ce, "Wannan ba aikin hannuna ba ne. In na buɗe shi a cikin ƙurar nan, na kashe maka shi gaba ɗaya." Gaskiya ya faɗa, domin lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari. Laifin ba na kamfanin da ya ƙera shi ba ne, kaya ne da ya haura shekara 40, kuma wanda ya sayar ya san abin da kunnensa ya ji.

Na rubuta wa dillalin. Sun amsa cikin ladabi kuma a kan lokaci, suka ce mai kayan ya rubuta babu mayarwa, kayan kuma ya dace da hoto, don haka babu abin da za su iya. Ko a shafukan da ke da kariya mai ƙarfi, mazaunin Damagaram yana da rauni. A eBay ana ba mai saye kwana 30 bayan isar kaya ya kai ƙara, amma kariyar eBay ba ta bin kayan da aka kai wani adireshi sannan aka sake tura shi gaba, alhali yawancinmu ta hannun ɗan'uwa a Faransa ko kamfanin tura kaya muke karɓa. Kafin kwali ya iso nan kwanakin sun kusa cika, kuma ko an yarda ka mayar, kuɗin jirgin komawa kaɗai ya isa ya sa ka haƙura.

Ni tsufan kaya ne ya same ni, akwai kuma waɗanda damfara tsagwaronta ke samu, musamman a kan irin su R10 da Orpheus. Ana satar hotunan wani tsohon gwanjo a sake liƙawa, ana kutsawa asusun mutumin kirki mai dogon tarihi a yi talla da sunansa, ana kuma aiko wa wanda bai ci gwanjo ba saƙo cewa na farko ya fasa, ya turo kuɗi kai tsaye a ba shi. Duk wanda ya ce ku fita daga shafin ku ƙarasa ciniki, ko ka biya ta hanyar aika wa dangi da abokai a manhajar biyan kuɗi ta PayPal, hanyar da ba ta da kariyar mai saye, ka rabu da shi nan take. Wani kuma kokon na asali ne, amma an sauya abin da ke ba da sautin a ciki da na wani samfuri, tunda kayan gyaran asali sun ƙare. Mafi ƙarancin abin da za ka nema shi ne hoton lambar jikin kayan kusa da takarda da aka rubuta ranar da hannu, da amsa a rubuce cewa kunnuwa biyu suna fita daidai kuma babu ƙara. Ta hannun dillalin da na bi, aika irin wannan tambaya yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci gwanjon ya rufe kafin amsa ta zo.

Hukuncina shi ne hidimar ta dace da sayen abin da ido ke iya tantancewa, kamar fatar kunne ta canji, waya ko akwatin ajiya, kuma a kan waɗannan zan sake komawa wajensu. Ga kaske mai tsada kuwa, ba zan ba wa kowa a nan shawarar bin wannan hanya ba, sai wanda yake da amintacce a ƙasar mai kayan da zai saurara kafin a tura, ko wanda zai saya daga kantin tsofaffin kayan sauti da ke gwadawa ya ba da garanti a rubuce, ko da farashinsa ya fi na gwanjo.

A yanzu ina amfani da nawa ta hanyar ƙara wa kunnen hagu ƙarfi a amfilin, wanda ya wadatar wajen saurare don jin daɗi, amma ba zan dogara da shi wajen gyaran muryar mahaifin wani ba, don haka aikin kwastomomi ya koma kan tsohon kaskena. Na sami mai gyaran irinsa a Turai, ya ce sai ya buɗe kafin ya yanke farashi. Ina jiran wani ɗan'uwa da zai tafi bayan salla ya tafi mini da shi a hannu, kafin nan yana cikin leda a ɗaure, a cikin akwati, saboda ƙura.