Jirgin Kano zuwa Abuja, minti hamsin ne a sama amma fa a ƙasa ake cin lokaci

Jirgin Kano zuwa Abuja dai in maganar tashi da sauka ake yi to wallahi ba wata tafiya bace. Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe wajen kilomita 360 ne a miƙe ta sama, a mota kuwa sai ka haura kilomita 400 tunda dole ka bi ta Zariya da Kaduna ka sauko Suleja ka wuce Zuba. A tikiti awa ɗaya suke rubutawa ko da ɗan ɗoriya, amma ainihin zaman da za kayi a sama bai fi minti hamsin ba, ana kashe fitilar bel ma'aikatan jirgi su fara rabon ruwa da biskit, kafin su kai kujerun baya matuƙi ya fara sanarwar a shirya sauka.

Kamfanin da na fi bi ba zan faɗi sunansa ba dan kar ace talla nake ko ɓatanci. Jirginsu da tsabta, ma'aikatan da fara'a, sanyin ciki daidai, kaya ma basa daɗewa basu fito ba. Inda suke ɓata rawarsu da tsalle shine lokaci. Na safe yana tashi akan kari kusan kullum, amma na yamma sai dai ka yi ta Allah Allah, saboda jirgin ɗaya ne yake zagaye ya je Legas ya dawo Abuja ya zo Kano, in ya makara tun hantsi to haka lattin zai yi ta taruwa har ya faɗo kan ku mutanen yamma, kuma babu mai fitowa ya muku bayani sai dai saƙo a waya bayan ka riga ka biya kuɗin mota ka iso.

Lokacin hunturu kuma, Disamba da Janairu, in hazo ya sauko Kano ba laifin kowa bane, matuƙi baya ganin titin sauka sai a ɗaga tafiya ko a soke ta gaba ɗaya. Wanda ke da ɗaurin aure ko intabiyu a wannan lokacin ya tafi tun ana gobe kawai.

Abinda mutane basa sawa a lissafi shine filin Abuja baya cikin gari. Namu na Kano ai a cikin gari yake, daga Sabon Gari adaidaita ma ta kai ka bakin hanya, amma can kusan kilomita 40 ne zuwa tsakiyar birni, in kayi rashin sa'a ka haɗu da gosulon Lugbe sai ka ga zaman tasi ya fi zaman jirgi tsawo, ga kuɗin tasin shima ba wasa ba. To haɗa da zuwa da wuri awa ɗaya da rabi kafin tashi, layin bincike, jiran jaka, daga ƙofar gida zuwa inda za ka awa huɗu ne cur, in komai ya tafi lafiya kenan.

Duk da haka ni kam ya fi min hanya, musamman in da tsoho ko mara lafiya, ko kana son ka gama aikinka ka kwana a gida. Ku sayi tikiti tun da sauran kwanaki dan na ranar tafiya tsadarsa ba'a magana, kuma ku ɗau na farko da safe. Maki uku da rabi na basu cikin biyar, da za su dinga turo saƙon latti kafin mutum ya bar gida da huɗu zan basu.