Rumours ko Tusk: Wanne Ya Kamata a Fara Saurara?

Malam, tambayarka ita ce wanne ya fi tsakanin kundayen Fleetwood Mac guda biyu, Rumours na 1977 da Tusk na 1979, kuma da wanne ya kamata wanda ya san waƙar "Dreams" kaɗai ya fara. Amsata a taƙaice ita ce ka fara da Rumours, amma ba don ya fi kasuwa ba, domin yawan ciniki bai taɓa zama hujjar kyan waƙa ba. Dalilina yana cikin yadda aka rubuta waƙoƙin.

Mutum biyar ne suka yi kundayen biyu: Mick Fleetwood mai ganguna, John McVie mai jitar bes, da marubuta uku, wato Christine McVie, Stevie Nicks da Lindsey Buckingham. An kafa ƙungiyar a Landan a 1967 tana kiɗan bulus (blues), amma shigowar Buckingham da Nicks, Amurkawa biyu, a ƙarshen 1974 ita ce ta karkatar da ita zuwa kiɗan rok mai taushi, wanda murya da kari suka fi amon jita ƙarfi a cikinsa.

An ɗauki mafi yawan Rumours a 1976 a situdiyon Record Plant da ke Sausalito, a jihar Kalifoniya, a daidai lokacin da auren John da Christine yake mutuwa, soyayyar Buckingham da Nicks take watsewa, shi ma Fleetwood gidansa ba lafiya. Abin da ya fito daga wannan hali shi ne waƙoƙi 11 da ke amsa wa juna. Nicks ta rubuta "Dreams" tana yi wa Buckingham gargaɗi cikin sanyin murya a kan kaɗaicin da ke jiransa, shi kuma ya rubuta "Go Your Own Way" cikin zafin rai, har da wani layi da Nicks ta roƙe shi ya cire saboda tana ganin ƙazafi ne, ya ƙi. Christine ta rubuta "Don't Stop" tana lallashin tsohon mijinta ya dubi gaba, sannan ta rubuta "You Make Loving Fun" a kan sabon masoyinta, wanda shi ne mai kula da fitilun dandamalin ƙungiyar, John kuwa ya kaɗa mata bes a waƙar. Duk wanda ya san habaicin kishiyoyi a waƙar niƙa zai gane tsarin nan take, sai dai a nan wanda ake yi wa habaicin shi ne ke riƙe da kayan kiɗan, kuma dole ya yi amshi da kyau.

Wannan dolen ce sirrin kundin a ganina. Ba wanda ya samu damar sakin baki yadda ya so, domin kowace waƙa sai ta bi ta hannun mutum huɗu kafin ta fita, kuma Buckingham, wanda ya fi kowa gwaninta wajen tsara kiɗa, shi ne ya yi wa waƙoƙin Nicks ado duk da abin da ke tsakaninsu. Ka saurari "Dreams" da kyau, za ka ji cewa kusan kari biyu kacal take juyawa a kai daga farko har ƙarshe, amma jitar tana shigowa tana janyewa ta yadda kunne ba ya gajiya. "The Chain" kuwa, waƙa ɗaya tilo da aka rubuta sunayen su biyar a kanta, an harhaɗa ta ne daga guntayen waƙoƙi daban-daban, aka ɗinke su da layin bes ɗin John da ke shigowa wajen ƙarshe. Ko "Songbird", wadda murya ce da fiyano kusan zalla, sai da aka kai Christine wani babban zauren taro na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley domin a kama amon ɗakin da babu kowa a ciki. Kundin ya yi makonni 31 a saman jadawalin Billboard na cinikin kundaye a Amurka, ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 1978, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 40.

Tusk ya fito a Oktoban 1979, faifai biyu ne masu ɗauke da waƙoƙi 20, tsawonsa ya kusa ninka na Rumours, kuma kuɗin aikinsa ya haura dala miliyan ɗaya, abin da ba a saba ji ba a wancan zamani. Buckingham ne ya ja ragama, ya rubuta waƙoƙi 9, Christine 6, Nicks 5. Ya shiga aikin da ƙudurin kada a maimaita Rumours, domin yana sauraren sababbin ƙungiyoyi irin su Talking Heads yana jin kiɗan Fleetwood Mac ya fara tsufa. Saboda haka ya ɗauki wasu waƙoƙinsa shi kaɗai a gidansa, da gangan ya bar amonsu da kaushi, gajeru, kamar ba a gama su ba. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta ma ba ta da baiti mai yawa. Ganguna ne da ƙahonin ƙungiyar faretin Jami'ar Kudancin Kalifoniya, waɗanda aka ɗauka a filin wasa na Dodger da ke Los Angeles. An sayar da kimanin kwafi miliyan huɗu, adadin da wata ƙungiya za ta yi biki a kansa, amma kamfanin Warner, wanda ya fitar da kundin, ya ɗauke shi a matsayin faɗuwa.

To, a nan bambancin yake. A Rumours marubutan uku magana ɗaya suke ja, kowa daga kusurwarsa, shi ya sa kundin yake tafiya tamkar zance guda. A Tusk kowa ya koma ɗakinsa. Kundin yana buɗewa da "Over & Over" ta Christine, mai tafiya a hankali cikin natsuwa, kana cikin jin daɗinta sai "The Ledge" ta Buckingham ta faɗo da ƙara da gaggawa, kuma haka za a yi ta yi da kai har ƙarshe. Wasu suna ganin wannan shi ne armashinsa. Ni kuwa ina ganin rabin waƙoƙin Buckingham a nan gwaji ne da ya fi amfanar mai yinsa fiye da mai saurare, ko da yake ba na musun cewa su ne suka sa mawaƙan da suka zo daga baya suka dawo suna girmama kundin.

Sai dai akwai inda Tusk ya yi wa Rumours fintinkau, wato rubutun Nicks. A "Sara" da "Storms" ba ta mayar wa kowa martani, ba ta neman cin gardama, ita da zuciyarta ce kawai, kuma waƙoƙin suna da tsawon da faifai ɗaya ba zai ba su ba. Ka tuna cewa ƙarancin wuri ne ya sa aka cire waƙarta "Silver Springs" daga Rumours, aka mayar da ita bayan ƙaramin faifan "Go Your Own Way", abin da ya daɗe yana yi mata ciwo. Christine, wadda ta rasu a Nuwamban 2022, ita ce ba ta sauya ba a kundayen biyu, kuma idan ka cire waƙoƙinta daga Tusk za ka ga babu abin da ke riƙe da sauran.

Shawarata ita ce ka saurari Rumours daga farko zuwa ƙarshe bisa jerin da aka tsara shi, kimanin minti 40 ne, kada ka bari waya ta hautsina maka shi, kuma ka nemi bugun da aka mayar da "Silver Springs" a ciki. Idan kunnenka ya saba da muryoyin ukun har kana iya bambance mai rubutu tun daga buɗewar waƙa, sai ka shiga Tusk, amma ka fara da waƙoƙin Nicks da na Christine su 11, ka bar na Buckingham zuwa zama na biyu.