Wata tara a gidan zaman tare a Garwa, ga abin da na gani

Salam jama'a. Tun watan Oktoba nake zaune a wani sabon bene nan Garwa ta arewacin Kamaru, wajen unguwar Rumde Ajiya, ba nisa da filin da aka buga CAN, gasar ƙwallo ta cin kofin Afirka, a 2022. Irin ginin nan ne da kowa da ɗakinsa amma kicin da falo na kowa da kowa ne. Abokai sun dame ni da tambaya ko su kama ɗaki, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Etaj biyu ne bayan na ƙasa, kowane hawa ɗaki takwas. Nawa mita 3 da 4 ne, dush da bayi a ciki, jaka 35 nake biya a wata har da ruwa da wifi, wutar lantarki kuma kowa da kontarsa, ka sa kuɗi ka sha wuta, babu rigimar raba faktir irin ta gidan haya. Akwai rijiyar foraj da shato, wato tankin ruwa, a sama, ruwa bai taɓa yanke mana ba.

Abin da ya fi burge ni tsakar gidan ne. Wanda ya zana ginin bai sare darbejiyar da ya tarar ba, ya zagaye ta da dakalin siminti, matakala kuma nan take sauka, dole in za ka fita ka bi ta gaban mutane ku gaisa. A nan na saba da ɗalibai 'yan Cadi guda biyu da wani malamin asibiti ɗan Duwala, bayan isha'i a ɗora shayi a yi ta hira da Hausa da Fulatanci da Faransanci duk a cakuɗe har sha ɗaya. Ni da na zo garin ban san kowa ba, wallahi wannan dakalin ya yi min rana.

Amma zafi fa. Duk wanda ya san Garwa ya san Maris da Afrilu ana haura digiri 40, kuma sai aka juya tagogin ɓangarenmu yamma, gilas zalla babu ko 'yar rumfa a kansa, bangon bulo ne siriri, ni kuma ina hawa na ƙarshe dal, wato rufin kankare, ce a kaina tana shan rana tun safe, ƙarfe biyun dare ka taɓa bango kamar tanda. Taga ɗaya ce tak, ƙofa kuma cikin wani dogon lungu take buɗewa wanda aka toshe ƙarshensa, to ta ina iska za ta bi ta wuce? In ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya da rani aka fara ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai dai ka ja tabarma ka sauka gindin bishiya. Gidan kakana na ƙasa ne, bango mai kauri, da tsakar rana ma ka shiga ɗaki ka ji sanyi, magina na da sun san wannan sarai kuma abin yana min ciwo a ce an kashe kuɗi haka an manta da shi.

Na biyu babu zaure. Ƙofar waje kai tsaye falo take shiga. Ranar da Inna ta zo daga Marwa sai da ta ratsa samari kusan goma suna kallon ƙwallo, ba ta ce komai ba sai da muka hau sama ta ce, ɗan nan, nan gidan ina ake sallama? Ban samu amsar ba ta ba. Wurin alwala ma babu, a dush kowa ke yi.

Kicin kam yana da tsabta da fili, sai dai kan gas biyu ne kawai, da azumi layi muke yi lokacin sahur.

Mai son shiga ya nemi ɗakin ƙasa wanda ke kallon tsakar gida, kuma ya je dubawa da la'asar ba da safe ba, ya dafa bangon da hannunsa. Ni na riga na yi wa mai kula da gidan magana, ya ce ƙarshen wata wani zai tashi a ƙasa, shi nake jira.