Manhajar JMRI: abin da na gani bayan na gwada ta a kan ƙaramin layin dogona

Duk wanda ya tashi a Ngaundere ta ƙasar Kamaru ya san cewa a nan dogo ya ƙare, domin tun da layin da ya taso daga Yawunde ya iso garin a 1974 bai ƙara gaba ba, kuma kayan da za su wuce Garwa, Marwa da Cadi a nan ake sauke su a ɗora wa manyan motoci. Tun ina yaro abin da ya fi jan hankalina a tasha shi ne yadda ake ware taragu a jera su, kan jirgi yana gaba yana baya, ba ya motsawa sai an ba shi izini. Wannan ƙa'ida nake so in gani a kan ƙaramin layin da na shimfiɗa a ɗakina, mai ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske.

JMRI manhaja ce ta kyauta ta sarrafa irin wannan ƙaramin layin dogo, wadda masu sha'awar wannan harka suka gina, kuma tana aiki a kan tsohuwar kwamfutata ba tare da wahala ba. A sashenta na PanelPro mutum yana zana layinsa, ya yanka shi gida-gida, ya kafa sigina a bakin kowane gida. Abin da ya fi burge ni shi ne sigina ba ta sakin hanya don kawai na so. Sai mahaɗar layi ta karkata inda ya dace, gidan da ke gaba kuma ya zama babu kowa. Na zaɓi tsarin Faransa, inda fitila mai launin shunayya ke hana jirgi fita daga layin ajiya, fara kuma ta ba shi damar aikin jera taragu. Da shi na gwada wasan Inglenook: layuka uku masu ɗaukar tarago 5 da 3 da 3, a zaɓi 5 daga cikin 8 a jera su bisa tsarin da ƙuri'a ta fitar, wanda ke iya zuwa ta hanyoyi 6,720. Ranar farko na yi fiye da rabin awa kafin in haɗa jirgi ɗaya, ƙanena yana riƙe da katunan ƙuri'ar yana cewa, "Yaya, jira fitila."

Sai dai mai sayen kayan haɗa layi da kwamfuta ya kamata ya san abu uku. Na'urar da ke gane jirgi tana jin wutar da ake ja ne, saboda haka taragon da ke da ƙafafun roba ba ta ganinsa, sai an sa masa ƙafafun ƙarfe da ɗan resisto, wato ƙaramin abin da zai sa taragon ya ja 'yar wuta. Kafin in gane haka, sigina ta nuna hanya a buɗe alhali taragu biyu na tsaye a kai. Ƙurar hunturu ma takan kwanta a kan dogon ta ruɗa na'urar, dole a goge kafin a fara. Haka kuma, idan da hannu ake tuƙi, manhajar ba ta taka birki a jar fitila, direba ne zai tsaya da kansa.

Wanda bai sayi komai ba tukuna zai iya buɗe manhajar a yanayin kwaikwayo, ya zana tashar da ya sani, ya koyi dokokin kafin ya kashe ko sefa ɗaya.