Taswirar duwatsu ko bayanan rijiya: wanne zai nuna maka zafin ƙarƙashin ƙasa?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka: kana aikin kammala digiri a kan zafin ƙarƙashin ƙasa a yankin Bauchi da Gombe, kana son sanin ko taswirar duwatsu ta kwamfuta ta wadatar, ko sai ka nemi bayanan rijiyoyi. To, kowanne da aikinsa, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

Taswira ita ce mai sauƙin samu. Shafukan taswirar duwatsu na Macrostrat da OneGeology suna intanet kyauta, hukumar binciken duwatsu ta Najeriya, NGSA, kuma tana da tata. Ka ɗora ta a QGIS, manhajar sarrafa taswira, nan take za ka ga inda tsohon dutsen ƙasa ya ƙare, inda shimfiɗar dutsen yashi ta kwarin Binuwai ta fara, da layukan tsagewar ƙasa waɗanda ruwa ke bi ya nutsa ko ya ɓullo. Sai dai ka lura da ma'auni. A taswirar 1:2,000,000, milimita 1 a takarda kilomita 2 ce a ƙasa, wato kaurin layin biro kaɗai ya isa ya haɗiye ƙauye guda. Komai yadda ka buɗe ta a allo, ba za ta ƙara maka ko ƙwayar bayani ba. Kuma fatar ƙasa kawai take nunawa.

Bayanan rijiya su ne suka shiga ciki suka taɓo. Rijiyoyin neman mai, irin na Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe da waɗanda NNPC ta haƙa a yankin Tafkin Chadi, ana auna zafin gindinsu lokacin haƙa. A mafi yawan wurare zafi yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Idan saman ƙasa digiri 28 ne, kilomita 3 za ta kai ka wajen 118 in ka yi lissafi da 30. Rijiya ce za ta faɗa maka ko wurinka ya zarce wannan.

Amma nan ma akwai tarko. Lakar da ake zagayawa da ita yayin haƙa tana sanyaya ramin, saboda haka adadin da aka rubuta sa'o'i kaɗan bayan tsayar da injin yakan gaza zafin dutsen na gaskiya. Sai an yi masa gyara, kamar ta hanyar lissafin da ake kira Horner. Ga shi rijiyoyin tsiraru ne, an haƙa su inda ake zaton mai, kuma samun takardunsu sai da wasiƙa daga sashenku da haƙuri mai yawa.

Shi ya sa ɗalibai da yawa ke rugawa ga bayanan maganaɗisu da aka auna da jirgin sama. Da su ake ƙiyasta zurfin da zafi ya kai kimanin digiri 580, inda dutse ke rasa maganaɗisunsa. Yana da amfani, amma ƙiyasi ne. Sauya girman yankin da ka yanka ka lissafa, sai amsar ta sauya. Kada ka rubuta shi kamar ka zura ma'aunin zafi a rami.

Kuma kada maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da ke Yankari ta ruɗe ka. Ruwanta digiri 31 ne ko kusa da haka, daɗin wanka ba a magana, amma bai ɗara matsakaicin zafin yankin da yawa ba. Tashar Olkaria ta Kenya, mai samar da wuta daga zafin ƙarƙashin ƙasa, wadda ta fara ba da lantarki a 1981, tana zaune ne a kan yankin aman wuta, tururinta ya haura digiri 200.

Da ni ne kai, zan fara da taswira in zaɓi wuri, in ɗora na maganaɗisu a kai, sannan in nemi ko da rijiya biyu ce in gwada lissafina da su. Ka kai wa malaminka wasiƙar neman bayanan tun wannan makon, don ita ce za ta fi cin lokaci.